Gudumar bindigata tana faɗuwa ba a taɓa kunama ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na gaji bindigar adaka daga mahaifina, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma da ita ake fita hawan Sallah a gidanmu. Tun shigowar hunturu, idan na ɗana ta, gudumar kan faɗi da kanta. Wani abokina ya ce in goge ƙarfen ciki da magagari. Shin shawararsa daidai ce? Daga mai karatu a Garwa, Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ajiye magagarin nan, kuma kada ka sake ɗura wa bindigar albarushi sai an gyara ta.

Kunama ba ita ce ke riƙe guduma ba. A cikin makullin bindigar, wato haɗin ƙarafan da ke sarrafa guduma, akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da haƙori, wanda ke shiga tsagi guda biyu da ke jikin gindin gudumar: na farko mai zurfi ne domin tsaro yayin ɗuri, na biyu kuwa shi ne na harbi. Aikin kunama kawai shi ne ta ɗaga wutsiyar wannan haƙori ya saki. Saboda haka gwanayen maƙera sukan bar ɗan sarari tsakaninta da wutsiyar, ta yadda za ta ɗan yi wasa kafin ta taɓa shi. To, katakon bindiga, wanda kunama da makullin ke zaune a jikinsa, yana kumbura da damina, ya kuma motse da hunturu, musamman a ƙasa mai bushewa irin tamu, kuma da zarar sararin nan ya toshe, kunama takan danne haƙorin har ya kasa zama sosai a tsaginsa. Ni dai nan na fi zargi, tunda ka ambaci lokacin da matsalar ta fara, ko da yake lalacewar bakin haƙorin ma tana jawo haka.

Illar gugar kuwa ita ce, a tsofaffin bindigogi sau da yawa fatar ƙarfen kaɗai aka ƙarfafa da wuta, cikinsa mai taushi ne. Idan magagari ya cinye fatar, bakin zai daƙushe cikin ɗan lokaci, ya riƙa zamewa fiye da da.

Kafin ka ɗauki bindigar, ka zura sandar ɗuri a cikin bututunta, ka gwada tsawon da ya shiga da tsawon bututun daga waje, domin tsohon ɗuri yakan daɗe a ciki ba a sani ba. Sannan ka kai ta wurin mai gyara da ke da izinin hukuma, domin dokar makamai ta Kamaru ta shekarar 2016 ta ɗaure ƙera bindiga da mallakarta a kan izini, gado kuwa ba ya zama a madadin takarda.