Inshorar mai gida ba ta biyan kayan ɗan haya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko inshorar mai gidanku za ta biya ka idan gobara ta cinye kayanka. A'a. Tasa ta gini ce: bango, rufi, bututun ruwa. Katifarka, kwamfutarka da tufafinka ba sa ciki, sai ka yanki taka ta ɗan haya.

Mutane kan ɗauka kaya kaɗai inshorar ɗan haya take biya. Galibi tana ɗaukar nauyin ɓarnar da ka jawo wa wani, misali ka manta famfo a buɗe ruwa ya zubo wa na ƙasa, har da kuɗin masaukinka idan gidan ya ƙi zaunuwa.

Inda ake yawan shan mamaki shi ne wajen biya. Wata yarjejeniyar kuɗin sabon kaya take bayarwa, wata kuwa sai ta cire tsufa, talabijin ɗinka na shekara biyar a biya ka ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ni dai ta farkon zan zaɓa ko da ta fi tsada. Ambaliya da girgizar ƙasa yawanci ba sa ciki, kuma abokin zamanka ba ya cikin taka sai an rubuta sunansa.