Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Sake Horar da Ƙwaƙwalwa Ta Saki Kallon Batsa

Saƙonnin da suka taru a wannan karon daga arewacin Kamaru da Cadi kusan duk a kan matsala ɗaya suke. Mun cire sunaye, mun kuma taƙaita tambayoyin.

Likita, ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundere, shekarata 22. Tun ina sakandare nake kallon finafinan batsa. Na sha rantsuwa cewa na daina, amma kwana uku ko huɗu sai in koma. An ce ƙwaƙwalwata ta riga ta lalace. Haka ne?

Ƙanena, ba ta lalace ba. Koyo ta yi, kuma abin da aka koya ana iya koyon wani a kansa.

Akwai sinadari a ƙwaƙwalwa mai suna dofamin. Mutane na ɗauka shi ne daɗin kansa, alhali babban aikinsa tura mutum ya nemi abin da ya taɓa ba shi daɗi. Idan abu ya maimaitu, dofamin yakan fara zuba tun kafin a kai ga abin, da zarar an ga alamarsa. A wurinka alamar na iya zama rufe ƙofar ɗaki, ko kwanciya da waya a hannu, ko sayen datar dare mai rahusa. Shi ya sa kake jin kamar hannunka ya riga tunaninka. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Kambirij a 2014 ya nuna cewa masu wannan matsala sha'awar kallon ta fi ta sauran mutane ƙarfi, amma daɗin da suke ji bai fi nasu ba. Wato nema yana ƙaruwa, gamsuwa ba ta ƙaruwa. Sannan sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi, mai taka wa mutum burki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, kuma gajiya da rashin barci da yunwa suna raunana shi. Rantsuwar da ka yi da rana da wannan sashen ka yi ta. Ƙarfe ɗayan dare shi ne ya fi kowa gajiya.

Maganar lalacewa daga wani bincike ta samo tushe, wanda aka yi a Cibiyar Max Planck da ke Jamus a 2014 a kan maza 64. An ga wani ɗan sashe na ƙwaƙwalwa ya fi ƙanƙanta a wurin masu yawan kallo. Binciken bai tabbatar da cewa kallon ne ya rage shi ba, don mai yiwuwa haka yake tun farko. Masu yaɗa labarin ba sa faɗin wannan.

Sabo kamar hanyar ƙafa ce a cikin gona: bi ne ya fitar da ita, idan aka daina bi ciyawa ta rufe ta, amma sai an buɗe wa mutane wata hanyar. To ga yadda za ka yi.

Ka ɗauki mako guda kana rubutu a ƙaramin littafi, ba a waya ba. Duk lokacin da sha'awar ta taso, ko ka kalla ko ba ka kalla ba, ka rubuta abu huɗu: ƙarfe nawa, a ina kake, me ka yi kafin nan, me kake ji a ranka (kaɗaici, fushi, tsoron jarrabawa, zaman banza). Yawancin mutane sukan tarar lokaci biyu ko uku ne kawai ke maimaituwa. Su ne abokan gabarka, ba yinin duka ba.

Daga nan sai ka rushe alamomin. Waya ba ta kwana a shimfiɗarka. Ka bar ta a caji a ɗakin abokinka, ka sayi agogo mai ƙararrawa don tashin asuba. Ka daina sayen datar dare. Ka goge abin da ka ajiye gaba ɗaya, har da na katin memori da wanda aka tura maka ta Xender, ka fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake turawa, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Idan wayarka Android ce daga 9 zuwa sama, shiga saitinta ka nemi DNS privé (wayoyinmu da yawa da Faransanci suke), ka rubuta family.cloudflare-dns.com. Wannan kyauta ne, yana toshe yawancin shafukan batsa ko da data ko da wifi. Amma ka sani ba ya ganin abin da ke cikin Telegram ko X (Twitter a da), kuma VPN, manhajar da ke karkatar da hanyar intanet ɗin waya, na tsallake shi. Amfaninsa ya jinkirta ka, ba ya ɗaure ka ba. Idan duk ka yi wannan kana ci gaba da warwarewa, ka koma ƙaramar waya mai madannai na wata biyu ko uku. Na san za a ce darussa ta WhatsApp ake turowa. Awa ɗaya da rana a cikin jama'a ta isa a duba su.

Mataki na uku shi ne ainihin horon, kuma shi aka fi tsallakewa. Sha'awa ba ta hawa har abada. Takan taso, ta kai ƙololuwa, ta sauka, galibi cikin minti 20 zuwa 30 idan ba a ciyar da ita ba. Da ta taso, duba agogo, tashi daga inda kake, fita tsakar gida ko bakin titi, yi alwala da ruwan sanyi, yi tafiya mai sauri ta minti goma sha biyar. Kada ka tsaya kokawa da tunanin, domin ƙoƙarin korar tunani da ƙarfi yakan dawo da shi. Ka lura da shi kawai: ga bugun zuciya, ga zafin jiki, zai wuce. Duk lokacin da alama ta zo ladan bai biyo baya ba, igiyar da ke haɗa su tana ƙara saki.

Sannan gurbin da ka buɗe sai an cike shi. Ƙwallo da yamma, karatu tare da abokai, motsa jiki na minti 30 sau biyar a mako, barcin awa bakwai zuwa tara. Azumin nafila da hadisi ya shawarci samarin da ba su da halin aure yana taimaka wa da yawa, muddin ba a mayar da dare lokacin riƙe waya ba. Ka kuma gaya wa mutum ɗaya mai riƙe sirri, ya riƙa tambayarka sau ɗaya a mako.

Likita, ina kasuwanci a Kusiri. Na yi kwana arba'in ban kalla ba, rana ɗaya na faɗa, sai na ce tunda ta ɓaci bari ta ɓaci, na shafe mako ina yi. Kwana nawa ake ɗauka a warke? Wasu sun ce 21, wasu 90.

Malam, babu ɗaya daga cikin lambobin nan da bincike ya tabbatar. Wani bincike da aka yi a Landan aka wallafa a 2010 ya bi mutane masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a mai sauƙi, irin shan ruwa bayan abinci. Tsaka-tsakinsu kwana 66 ne, amma daga 18 har zuwa 254 aka samu. A cikinsa kuma an ga cewa kuskuren rana ɗaya bai rushe abin da aka gina ba.

Abin da ya cuce ka makon nan ne, ba ranar farko ba. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan tarko: mutum ya zame, kunya ta rufe shi, ya ce shi ba mutumin kirki ba ne, sai ya nemi abin da zai rage masa raɗaɗin kunyar, abin kuwa shi ne kallon. Ƙidayar kwanaki a jere tana ƙara wa tarkon ƙarfi, don rana ɗaya tana mayar da kai sifiri. Ka riƙa ƙirga kwanakin da ka tsira a cikin wata: 29 cikin 30 ci gaba ne babba. Idan ka zame, cikin awa ɗaya ka tashi, ka yi wanka, ka rubuta ƙofar da abin ya shigo ta, ka toshe ta a ranar. Makonni biyu zuwa huɗu na farko su suka fi wuya. Saurin fushi, rashin barci da kasala ba alamar ciwo ba ne, sukan lafa.

Likita, ni magidanci ne a Njamena, shekarata 38. Idan ina kallo gabana na miƙewa, amma da iyalina sai ya kwanta. Na fara sayen ƙwayar ƙarfin maza a kasuwa.

Alhaji, ka tsaya da ƙwayar nan tukuna. Da yawa daga cikin magungunan ƙarfin maza na kasuwa, har da waɗanda ake cewa na gargajiya ne ko zuma ko shayi, ana samun sinadarin sildenafil, maganin miƙewar gaba na asibiti, a cikinsu ba tare da an rubuta yawansa ba. Idan ya haɗu da magungunan ciwon zuciya na rukunin naitiret, jini na iya faɗuwa har a rasa rai. Miƙewar da ta wuce awa huɗu kuma ta gaggawa ce, a tafi asibiti, musamman ga mai sikila.

Ka lura da abu ɗaya: kana farkawa da asuba gabanka a miƙe? Idan haka ne, galibi jijiyoyin jini lafiya suke, matsalar ta sabo ce da fargaba. Jiki ya saba da sabuwar fuska kowane minti da matsin hannu, sai kuma tsoron gazawa ya shigo, tsoro kuwa yana takure jijiyoyin da ya kamata su buɗe. Masu bincike ba su haɗu a kan cewa kallon batsa shi kaɗai yana kawo wannan ba, shi ya sa kada ka ɗora masa komai. A shekarunka a auna maka suga da hawan jini, domin raunin gaba yakan riga sauran alamominsu bayyana. Taba sigari ma haka.

Ka bar kallo da istimna'i na wata biyu zuwa uku. Ka yi wa maiɗakinka bayani gwargwadon abin da za ta iya ɗauka, don a yanzu mai yiwuwa tana zargin kanta. Ku yi mako biyu kuna kusantar juna da wasa da taɓawa ba tare da niyyar saduwa ba. Cire wannan nauyin shi ke mayar da jiki daidai.

Likita, ɗan acaba ne ni a Marwa. Ina shan tiramol don jure aiki. Ba wata ƙwaya da za ta kashe mini sha'awar kallon nan gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, babu maganin da aka yi musamman don wannan. Likitocin ƙwaƙwalwa kan gwada iri biyu ga wanda abin ya yi wa tsanani: magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da sertraline, waɗanda ke ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su fara aiki, da kuma naltrexone mai rage ƙarfin ƙwaɗayi. Dukansu biyu haɗari ne gare ka a yanzu. Tiramol tare da na farkon na iya kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, da zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa. Naltrexone kuwa yana toshe wurin da tiramol ke aiki, sai ya jefa ka cikin azabar yankewa nan take; ba a fara shi sai mutum ya yi kwana bakwai zuwa goma babu tiramol a jikinsa. Kada wani mai shagon magani ya ba ka ko ɗaya.

Tiramol ɗin ne matsalarka ta farko. Iyakar da likitoci ke bayarwa miligiram 400 ce a yini, ga shi ƙwaya ɗaya ta kasuwa kan kai 200 ko 225. Kada ka yanke shi rana ɗaya. A hankali ake ragewa ƙarƙashin kulawa. Je babban asibitin yanki ka tambayi masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Likitocin fannin sun yi ƙaranci a arewa, amma ma'aikatan jinya da suka ƙware a kai suna yin wannan aikin.

Likita, ni budurwa ce a Garwa. Ina jin ni kaɗai ce mace mai wannan hali. Sau ɗaya ko biyu a wata nake faɗawa, amma kullum cikin kuka nake. Zai hana ni haihuwa?

'Yata, ba zai hana ki haihuwa ba, ba ya taɓa mahaifa ko ƙwai, kuma mata da yawa na fama da shi, shiru kawai suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kasa riƙe sha'awa cikin jerin cututtuka da ya fara aiki a 2022, da sharuɗɗa: a kasa dainawa duk da ƙoƙari, abin ya kai kamar wata shida, ya ɓata karatu ko aiki ko zaman iyali. Ta kuma ce damuwar da ta fito daga jin an saɓa wa tarbiyya kaɗai ba ta isa a kira abin cuta ba. Hukuncin addini na malamai ne, kuma niyyarki ta dainawa daidai ce. Matakan da na ba ɗalibin can za su yi miki aiki. Kukan kullum ya fi damuna. Idan ya haura mako biyu tare da rashin barci, rashin cin abinci ko tunanin gara mutuwa, ki ga ma'aikaciyar lafiya ba tare da jinkiri ba.

Likita, na ga irin waɗannan hotuna a wayar ɗana mai shekara 13 a nan Gidar. Babansa ya ce duka ne maganinsa.

Hajiya, duka zai koya masa ɓoyewa ne kawai. Ku bari fushi ya sauka, sannan ɗayanku ya zauna da shi shi kaɗai, ba gaban ƙannensa ba. Tambaya mafi muhimmanci ita ce wa ya tura masa. Idan sa'o'insa ne, magana ce ta tarbiyya. Idan babba ne, ko an nemi ya turo hoton jikinsa, to yaron yana cikin haɗari: kada ku goge saƙonnin, ku kai ƙara, domin dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta hukunta batsar da ta shafi yara. Ku sa masa Family Link na Google, wanda ke ba iyaye damar ƙayyade awannin waya da amincewa da manhajojin da zai sauke, kuma lambar sirrin ta zauna a hannunku. Wayoyin gidan duka, har da ta babansa, su kwana a falo daga ƙarfe tara na dare.