Amsar Kawu Kan Zancen Wuta da Gaisuwar Mutuwa

Ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Ka ce mahaifin abokinka Kirista ya rasu a nan Jos, mahaifiyarka ta ce lallai ka zo gaisuwa, sai wani a wurin aikinku a Abuja ya ce me za ka je yi a makokin ɗan wuta. Wani kuma ya ce ai wutar ma babu ita, daga wani juji na birnin Kudus aka ƙago ta. Kana son sanin dalilin da ya sa gidanmu ke zuwa irin wannan gaisuwa, da inda zancen wuta ya samo asali. Bari in fara da na biyun.

Akwai wani kwari kudu da tsohon birnin Kudus, ana ce masa Kwarin Hinnom, yana nan har gobe. Littafin Kiristoci ya ce a can sarki Ahaz da sarki Manassa suka ƙona 'ya'yansu hadaya ga gumaka. Sarki Yosiya, wanda ya yi mulki daga 640 zuwa 609 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ƙazantar da wurin don kada wani ya sake yin haka, annabin Yahudawa Irmiya kuma ya ce za a riƙa kiransa Kwarin Kisa. Daga nan Yahudawa suka ɗauki sunan wurin suka sa wa gidan azaba, suna cewa Gehenna, masana harshe kuwa suna ganin kalmar Jahannama danginta ce. Amma batun juji ba shi da ƙarfi. Wani malamin Yahudawa mai suna Dawud Kimhi aka fi jingina wa maganar, wajen shekara ta 1200, fiye da shekara dubu bayan Annabi Isa, kuma babu tsohon rubutun da ya goyi bayansa. Abin da ya ɓata sunan kwarin jinin yara ne, ba shara ba.

A farkon littattafan Yahudawa ba a cika maganar wuta ba. Wurin matattu suke kira Sheol, wuri mai duhu da shiru, na kirki da mugu duk can suke tafiya. Har Annabi Yakubu, cikin littafin Farawa, ya ce can zai gangara yana makokin Yusufu. Sai a ƙarshen littafin Ishaya ka ji tsutsar da ba ta mutuwa da wutar da ba ta mutuwa, a littafin Daniyel sura ta 12 kuma aka fito fili: waɗanda ke barci cikin ƙasa za su farka, wasu zuwa rai madawwami, wasu zuwa kunya madawwamiya. Masana tarihi suna lura cewa daga shekara ta 539, lokacin da sarki Sairus ya ci Babila, Yahudawa sun zauna ƙarƙashin Farisawa kusan shekara 200, su kuwa Majusawan Farisa suna da zancen hisabi da wata gada da rai ke tsallakewa. Tsoffin Misirawa ma suna da awon zuciyar mamaci a kan ma'auni. Shi ya sa wasu ke cewa aro aka yi, wasu masanan kuma ba su yarda ba. Ni dai abin da na riƙe shi ne ayar nan ta Suratu Faɗir: babu wata al'umma face mai gargaɗi ya shuɗe a cikinta. In ka ga mutanen da suka yi nisa da juna duk sun san azzalumi ba zai tafi a banza ba, wannan bai raunana imanina ba, ƙara masa ƙarfi ya yi.

To, yaya littafin Kiristoci da Alƙur'ani suka siffanta wutar? A Sabon Alkawari, wato sashe na biyu na littafin Kiristoci, kalmar Gehenna ta zo sau 12, kuma 11 daga ciki daga bakin Annabi Isa aka ruwaito su. Akwai wutar da ba a kashewa, akwai duhu da kuka da cizon haƙora, akwai attajirin nan a Luka sura ta 16 da ke roƙon Li'azaru, matalaucin da ya kwanta a ƙofar gidansa, ya tsoma yatsa a ruwa ya sanyaya masa harshe. Littafin ƙarshe na Sabon Alkawari kuma ya ambaci tafkin wuta da ƙibiritu. Alƙur'ani ya fi shi bayani dalla-dalla. Sunan Jahannama ya zo sau 77. Tana da ƙofofi bakwai, mala'iku 19 ke tsaronta, babbansu Maliku. Makamashinta mutane da duwatsu, abincinta itaciyar zaƙƙumi, abin shanta tafasasshen ruwa, kuma duk sanda fata ta ƙone sai a musanya wata. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wutar da muke hurawa kashi ɗaya ce cikin 70 nata, ya kuma ce tsananin sanyin hunturu ma daga numfashinta yake. Mu da muka san sanyin Jos a watan Disamba muna jin wannan hadisi a jikinmu.

Amma ga abin da nake so ka tsaya a kai, don shi mutane ke tsallakewa. Ka duba su wa aka ce za su shiga. A Suratul Muddassir an tambaye su me ya shigar da su wutar Saƙar, suka ce ba ma salla, ba ma ciyar da miskini, muna kutsawa cikin ɓarna, muna ƙaryata ranar sakamako. A Matiyu sura ta 25 waɗanda aka kora zuwa wuta su ne waɗanda ba su ciyar da mayunwaci ba, ba su tufatar da mai tsiraici ba, ba su duba majinyaci da ɗan kurkuku ba. Munafukai, masu salla sahu ɗaya da Annabi, su aka ce suna can ƙasan ƙasa. Hadisin Muslim ya ce farkon waɗanda za a yi wa hukunci a jefa su ciki mutum uku ne: wanda aka kashe a fagen yaƙi, da malami makarancin Alƙur'ani, da mai kyauta, saboda don a yabe su suka yi. Wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure har ta mutu da yunwa, wata karuwa kuma aka gafarta mata don ta shayar da kare. Wanda ya karanta waɗannan da zuciya ɗaya, kansa zai ji wa tsoro, ba zai sami sukunin leƙa makomar maƙwabcinsa ba.

Ba ina ce maka addinan biyu ɗaya ba ne. Mun saɓa a kan Annabi Isa da kan hanyar tsira, kowa ya san matsayinsa, ni kuma ban ɓoye nawa ba ko a gaban abokaina Kiristoci na majami'un COCIN da ECWA. Amma faɗin hukunci a dunƙule daban, nuna gawar mutum da yatsa a ce wannan ɗan wuta ne daban. Ba mu san yadda ya cika ba, ba mu san abin da ya isa gare shi na gaskiya ba. An ruwaito wani ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya gafarta wa wanen ya rushe aikin mai rantsuwar. Kuma da aka wuce da gawar Bayahude, Annabi ya miƙe tsaye, da aka faɗa masa ko wane ne sai ya ce: shin ba rai ba ne?

A kan wannan iyayenmu suka gina al'adarsu. Tun zamanin haƙar kuza Hausawa da Birom da Anaguta da Afizere da Yarbawa da Ibo suke zaune wuri ɗaya a garin nan, ana zuwa sunan juna da makokin juna. Rikicin Satumbar 2001, da na 2008, da na 2010, su suka raba unguwanni har yaro ya tashi bai taɓa shiga gidan wanda ba addininsu ɗaya ba. Na ga yadda abin yake farawa, kuma da baki yake farawa: ranar da matashi ya saba kiran maƙwabcinsa ɗan wuta, kunna wa gidansa wuta ba ya yi masa nauyi. Kowane ɓangare an yi wannan, kuma kowane ɓangare ya binne 'ya'yansa.

Saboda haka ka zo. Malamanmu sun ce ba a nema wa wanda ya rasu ba Musulmi ba gafara, don haka ba za ka ce Allah ya jiƙansa ba, ba kuma za ka shiga cikin ibadarsu ba. Su ma sun san haka, ba sa jin haushi. Ka gaida mahaifiyar abokinka da ladabi, ka ce sannunku da rashi, Allah ya ba ku haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari. Ka riƙo ɗan abin hasafi, ko shinkafa ko kuɗi a ambulan, ka zauna da abokinka gwargwadon hali. In ka iso ka biyo ta gida mu tafi tare, don ni ma na san mamacin.