Amsa ga 'yar'uwar da sabon muzurunta ke fitsari a labule

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Tun jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce kwana biyar ke nan da aka kawo miki muzuru ɗan wata takwas daga gidan yayarki, tun ranar yana ƙarƙashin gado, ba ya fitowa sai dare ya yi, ya fesa fitsari a labule da jikin ƙofa, tsohuwar kyanwarki kuma da ta hango shi sai huci da gurnani. Maigida ya ce a mayar da shi inda ya fito. Ni dai da za ki ji tawa, ki lallaɓa maigida ya ƙara muku wata guda. Kwana biyar bai isa a yanke wa mage hukunci ba.

Shekarata 14 ina kiwon maguna, kuma abin da na fi daɗewa ban gane ba shi ne, kare mutum yake bi, mage kuwa wuri take riƙewa. Asalinta kyanwar dajin Afirka ce, wadda har yau akwai ta a yankin Sahel, ita kaɗai take farauta, ita kaɗai take tsare yankinta. An yi kusan shekara 10,000 tana zaune da mutane, amma wannan hali bai sake ta ba. Kuma da hanci take gane gida. A kumatunta da haɓarta da goshinta da tsakanin yatsun ƙafarta da gindin wutsiyarta akwai wuraren da ke fitar da wani wari da mu ba ma jin sa. In kin ga tana goga fuska a ƙafar kujera ko a ƙwaurinki, ko tana yakushin tabarma, shaida take sakawa cewa nan nata ne. To ki duba halin da muzurunki yake ciki: an ɗauko shi daga inda kowane lungu ke warinsa, an ajiye shi inda kowane lungu ke warin wata. Ƙarƙashin gadon nan shi ne kaɗai wurin da ya fara zama nasa.

Kuskuren da na yi da muzuruna Ɗan Toka shi nake jin kina shirin yi. Ranar da aka kawo min shi a kwali, na buɗe shi a tsakar gida gaban kyanwata Fara, wai su gaisa. Fara da muke yi wa kirari da kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi, sai ga ta ta kumbura, gashin bayanta ya miƙe, kunnuwa sun kwanta, wutsiya ta zama kamar tsintsiya. Shi kuwa ya faɗa bayan wardirof, ya yi kwana tara a can. Na jawo shi da ƙarfi sau biyu, har yau tabon yana bayan hannuna.

Abin da ya gyara mana zama shi ne ɗaki guda. Ki ware masa ɗaki mai ƙofa, ki sa abinci da ruwa a gefe ɗaya, robar yashi a can ɗaya gefen, domin mage ba ta son cin abinci kusa da makewayinta. Ki ajiye kwali a kife da ƙofa a jikinsa, ki sa tsumma a ciki. In za a samo tsumman da yake kwanciya a kai a gidan yayarki, ya fi komai, kuma kada a wanke shi. Ki riƙa shiga kina zama a ƙasa kina harkarki, ko tsintar shinkafa ko danna waya, ba tare da kin miƙa masa hannu ba. Kada ki ƙura masa ido, a wurinsu neman faɗa ne. In kun haɗa ido ki lumshe naki a hankali ki kau da kai. Yara kuma a hana su leƙen ƙarƙashin gado da tocila.

Na san za a samu mai cewa ai kulle mage haramun ne, surukata ma ta faɗa min. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim a kan matar da ta tsare kyanwa ne, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Ke kuwa ciyar da shi kike yi, kina kare shi. In kika sake shi yanzu, katanga zai haura ya kama neman hanyar tsohon gidansu, wataƙila ba zai isa can ba, ba kuma zai dawo nan ba. Ki bari ya yi mako uku zuwa huɗu kafin ya taka tsakar gida, ranar farko ma ki fito da shi kafin ya ci abinci, don yunwa ta mayar da shi ɗaki.

Yanzu maganar fitsari, wadda na san ita ce ta fi ɓata wa maigida rai. Ki lura da yadda yake yi. In a tsaye ne, ya juya wa labule baya, wutsiya a sama tana karkarwa, ya fesa ɗan kaɗan a jikin abu, wannan shaidar yanki ce. In kuwa tsugunawa yake ya yi da yawa a katifa ko a ƙasa, to ko dai robar yashin ba ta yi masa ba, ko yana tsoron hanyar zuwa wurinta, ko ba shi da lafiya. Muzuru ɗan wata takwas ya riga ya balaga, tun wajen wata biyar ko shida suke farawa, shi ya sa fitsarin yake da wannan ƙarni mai hawa kai. Maganin da ya fi aiki shi ne likitan dabbobi ya fiɗiye shi. A cikin muzurai goma kusan tara suna dainawa ko su rage sosai. Kada a bari wani ya yi masa a gida kamar bunsuru. Ki haɗa da allurar rigakafin haukan kare, don maguna ma suna ɗauka.

Duka ko tura masa hanci a cikin fitsarin ba ya koya masa komai sai ƙarin tsoro, tsoron kuma shi ke ƙara fesawar. Wurin da ya ɓata ki wanke da omo da ruwan ɗumi, ki bi da ruwan khal, ya bushe sarai. Ki guji abin wanki mai amoniya, warinsa kamar fitsari yake, sai ya koma ya ƙara a kai. Izal da Dettol kuma suna da sinadarin da hantar mage ba ta iya sarrafawa, tana takawa ta lashe ƙafa. Haka maganin sauro na fesawa, kada a fesa yana ɗakin. Turaren wuta ma ki ɗan rage masa a ɗakin nan, duk da na san yanzu ne ma kike son ƙarawa. Sannan ki duba ko labulen da yake ɓatawa na tagar da ke kallon katanga ne. Nawa ashe muzuran unguwa yake hangowa da dare, na manna takarda a ƙasan gilashin, abin ya ragu.

Haɗa su da tsohuwar kyanwarki kuma, hanci za ki fara haɗawa kafin ido. Ki shafa tsumma a kumatunsa ki ajiye kusa da kwanonta, nata ma ki kai masa. In kowa ya daina yi wa tsumman huci, ki riƙa ba su abinci lokaci guda, ƙofa a rufe tsakaninsu. Bayan kwanaki ki buɗe ƙofar kamar faɗin yatsu biyu. Huci kaɗan ba komai ba ne, amma in aka kai ga bin juna da gudu, ki koma baya mataki ɗaya. Kwano kowa da nasa, robar yashi uku ga maguna biyu, a wurare dabam-dabam. Ita uwargidan kada ki rage mata komai, wurin kwananta da lokacin da kike shafa ta su zauna yadda suke.

Abu biyu ne ba a jira a kansu. In ya wuce kwana biyu bai ci komai ba, ki kai shi asibitin dabbobi, domin hantar mage tana lalacewa da yunwa. In kuma kin ga yana yawan tsugunawa yana nishi, fitsari ba ya fita ko yana fita da jini, a ranar za ki kai shi. Toshewar mafitsara na iya kashe muzuru cikin kwana biyu zuwa uku. Don Allah kada a ba shi farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya halaka shi.

Ɗan Toka da Fara sai da suka yi mako shida kafin su ci abinci a ɗaki ɗaya ba gurnani. Yau shekara huɗu ke nan, ban taɓa ganin sun kwanta jiki da jiki ba. Ita ta riƙe saman firji da ɗakina, shi ya riƙe taga da zaure, in sun haɗu a tsakar gida kowa ya yi kamar bai ga kowa ba. Ki faɗa min ko a tsaye yake fitsarin ko a tsugune, da kuma ko yana cin abincin da kike ajiye masa da dare.