Kada ka sauya wa baƙo inji yana cikin tafiya

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka sabunta QEMU, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci na kwaikwayo a cikin kwamfuta ɗaya, a babbar kwamfutar shagonmu na Ringim, ka ji an dawo da wata damar firosesa da aka kashe a da, amma tsofaffin kwamfutocin da ke gudana a cikinta ba su gan ta ba, sai sabuwar da ka ƙirƙira jiya. Kana tambaya ko ka kunna wa kowa kawai. A'a, dakata tukuna. Ba lalacewa ba ce, da gangan aka yi haka.

Windows ko Linux ɗin da ke ciki, wanda muke kira baƙo, idan ya tashi yakan tambayi firosesa abin da take iyawa, ya riƙe amsar, ya ci gaba da aiki da ita. To a ce an ɗauke wuta, batir ya fara kuka, kana so ka mayar da baƙon kan kwamfutar da ke kan sola ba tare da ka kashe shi ba. Dole abin da zai tarar a can ya zama daidai da wanda ya baro. In ya kira umarnin da babu shi, sai ya faɗi. Tamkar ka sauya wa ɗan acaɓa inji ne yana tsakiyar hanyar Dutse da fasinja a baya.

Shi ya sa masu QEMU suke ba samfurin inji lamba. Buɗe bayanin tsohon baƙon ka duba, za ka ga wani abu kamar pc-i440fx ko pc-q35 da lamba a ƙarshe. Lambar nan alkawari ce: ko ka sabunta manhajar sau nawa, injin zai zauna yadda yake. Idan za a dawo da wata dama, a sabon samfuri ake kunna ta, a bar ta a kashe a tsofaffin.

An sha wannan wahalar da wata damar firosesa mai suna TSX. Intel ta fito da ita a firosesar Haswell a 2013, a 2014 aka gano aibi a cikinta, aka kashe ta a firosesoci da yawa. Masu QEMU sun fara cire ta daga samfurin firosesar Haswell ɗinsu, daga baya suka janye, suka mayar da ita, suka ƙara wani samfuri daban mai suna Haswell-noTSX a 2015. A ganina wannan ne daidai, domin kowa ya zaɓi abin da ƙarfensa ke ɗauka, ba a yi masa zaɓi a ɓoye ba.

In har wani baƙo yana buƙatar damar, ka fara tabbatar da cewa duk kwamfutocinmu biyu suna da ita. Sannan ka kwafe faifansa, ka kashe shi gaba ɗaya, ka sauya samfurin, ka tayar. Ɗaya za ka fara gwadawa, ba duka ba, kuma ba ranar da yara ke cike fom ba. Windows musamman, in ya ga inji ya sauya da yawa, yana iya neman a sake tabbatar da lasisinsa.

Amma kar ka bar su a tsohon samfuri har abada, don yanzu QEMU na cire wanda ya kai kimanin shekara 6. In na dawo daga Kano ranar Asabar, in sha Allah, za mu zauna mu rubuta lambar kowanne a littafin shago.