Barometar waya, taswirar Windy da hadarin gabas

Tambaya: Wace manhaja zan sauke wayata ta riƙa auna nauyin iska? Daga Maraɗi.

Amsa: Manhaja ba ta haifar da na'urar da kamfani bai saka ba. Ka sauke manhajar CPU-Z ka duba jerin na'urorin da ke cikin wayar. In ba ka ga barometa ba, wato na'urar auna nauyin iska, ka haƙura.

Tambaya: Malam, ina Kano, barometar wayata tana nuna 958 hPa (ma'aunin nauyin iska), alhali na karanta cewa 1013 ne daidai. A Windy kuma, manhajar taswirar yanayi, na ga ƙaton harafin L, alamar ƙarancin nauyin iska, a kan hamada. Har na sanar a zaurenmu na WhatsApp cewa guguwa na tafe.

Amsa: Haba malam, sai da ka tayar wa jama'a hankali sannan ka zo tambaya? Wannan ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya. Maza je ka goge saƙon.

Ma'aunin 1013 na bakin teku ne. Kano tana sama da teku da kusan mita 480, kuma duk hawan mita 8 zuwa 9 nauyin iska na raguwa da hPa 1. Yi lissafi, za ka ga 958 lafiya lau ne. Mutumin Jos ma 880 da 'yan kai zai gani. Alkaluman taswira kuwa an riga an mayar da su ma'aunin bakin teku, don haka kada ka gwada su da na wayarka.

Dokar nan ta cewa in barometa ta sauka ruwa na tafe, a Turai take aiki sosai. A nan kullum ta Allah awon yana hawa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen 4 na asuba da 4 na yamma, da bambancin hPa 2 zuwa 3, ko da ruwa ko babu.

Shi kuma L ɗin da ke zama kan arewacin Mali da kudancin Aljeriya da damina, zafi ne ya haifar da shi. Shi ke janyo mana iska mai laima daga tekun Gini, amma a ƙarƙashinsa ba a cika samun ruwa ba. Ruwanmu yawanci hadari ne da ke tasowa daga gabas ya nufi yamma, yadda kowane manomi ya sani. Ni hoton tauraron ɗan'adam nake buɗewa a Windy bayan azahar. In na ga farin curin gajimare yana kumbura wajen Borno ko Tafkin Chadi yana matsowa, sai in ce a kwashe shanya. Maganar shuka kuwa, a jira hasashen damina da NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ke fitarwa farkon shekara, kada a zuba iri saboda harafi ɗaya.

Tambaya: Wayata ta ce kashi 60 za a yi ruwa, ko ɗigo ba a yi ba. Daga Kumasi.

Amsa: Ai ta bar kashi 40, hajiya. Cikin ranaku 10 irin wannan, 4 ba a ruwa.