Layukan suna kwanciya, ƙwaƙwalwar jaririna tana ɗaukewa ne?

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Na haifi bakwaini a mako na 31. Yana da kwana 10 aka manna masa wayoyi a kai, aka yi masa gwajin EEG, wato na auna igiyoyin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ina kallon allon sai in ga layuka sun yi tsalle, su kwanta shiru na ɗan lokaci, su sake tashi. An ce mini ba matsala, amma har yau hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya raya mana shi. Duk ranar da aka kawo mini sakamakon EEG na jariri, ba na duban layi ko ɗaya sai na ji a mako na nawa aka haife shi, kuma kwanansa nawa a duniya. Sai a haɗa biyun. Naki ke nan yana cikin mako na 33 ranar gwajin, kuma a wannan mataki abin da kika gani shi ne yadda ƙwaƙwalwar bakwaini take aiki, musamman in barci ya yi nauyi: ta yunƙura, ta huta, ta sake yunƙurawa. Yana ƙara ƙwari, hutun yana gajarcewa. In ya cika makonni 40, layin ba ya kwanciya sosai, sai dai ya riƙa sauyawa tsakanin manyan igiyoyi da ƙanana, wannan ma ya daina a wajen mako na 44 zuwa 46. Da a ce yaro ɗan shekara biyu ne ya nuna irin wannan shirun, da amsata ta bambanta ƙwarai.

Wayoyin nan kuwa ba sa sa masa lantarki. Sauraro kawai suke yi, kamar yadda aka saba tun 1924 da Bajamushen nan Hans Berger ya fara ɗaukar igiyoyin ƙwaƙwalwar ɗan'adam.

Shi babba, in ya rufe ido yana farke, ƙwaƙwalwarsa ta wajen ƙeya tana fitar da bugun igiya 8 zuwa 13 a daƙiƙa guda. Jariri sai ya kai wata 3 ko 4 kafin wannan bugun ya ɓullo, kuma bai wuce 3 zuwa 4 ba. A shekara ɗaya ya kai kamar 6, sai wajen shekara 3 yake taɓa 8. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an auna yaro da ma'aunin manya an rubuta wai ƙwaƙwalwarsa tana jinkirin aiki, a jefa iyaye cikin fargabar banza.

Abin da ya fi damuna da jarirai daban ne. Farfaɗiyarsu takan ɓuya. Wani ba zai jijjiga ba ko kaɗan, sai ɗan tsotson baki ko ido ya karkace, wani ma na'urar ce kaɗai za ta gani. Haka kuma sakamako mai kyau ba ya kore farfaɗiya gaba ɗaya, domin gwajin yana ganin abin da ya faru a lokacin da wayoyin suke kai ne kawai.

Don haka ga abin da nake so ki sa wa ido, musamman daga wata 3 zuwa shekara ɗaya. In kika ga yana zabura, kai ya sunkuyo, hannuwa su watsu ko su dunƙule, sau da yawa a jere, galibi da ya farka daga barci, kada ki ɗauka ciwon ciki ne, yana iya zama wani nau'in farfaɗiyar jarirai. Wani likitan Ingila, William West, ya bayyana wannan ciwo a 1841 bayan ya gan shi a jikin ɗansa na cikinsa. A EEG layukan sukan hargitse, su yi tsawo ba tsari, kuma jinkirin magani yana taɓa ci gaban yaro. Ki ɗauki bidiyon zaburar da wayarki, ki kai shi asibiti a ranar, ki kuma tuna wa likita cewa a mako na 31 kika haife shi.